Neman Dattijo a Taima

Sai da na yi wata bakwai a Jidda kafin na gane ban san sunan mutumin da nake nema ba.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ɗan fari, ni auta. Ya bar ƙauyenmu na bakin kogi, can wajen Sinnar a ƙasar Sudan, ina ɗan shekara uku, ya ce za shi aikin hajji ya dawo. Aka yi shekara ashirin da 'yan kai ba shi ba labarinsa. A gida Dattijo ake ce masa, don sunan kakanmu na wajen uwa ya ci. Inna kuwa ko Dattijon ba ta faɗa, sai dai ta ce "wancan", in abin ya zo da raha ta ce "mai babban kai". Ɗan fari ne, ga shi da sunan mahaifinta, kunya biyu ta haɗu a kan mutum ɗaya.

Da zan taho ba ta ce in nemo shi ba. Hula ta miƙo mini, wadda ta ɗinka da shuɗin zare tun idonta na gani sosai. Na sa, ta faɗo mini har kunne. Ta ce, "Ta yi maka yawa. To, tafi da ita dai, Hamisu, ko za ka gamu da wanda za ta yi wa daidai." Iyakar saƙon ke nan, kuma na ji shi sarai.

A Jidda ga-ruwa na zama. Garwa biyu da sanda a kafaɗa, in ɗebo daga famfon unguwa in hau benayen tsohon gari, hawa huɗu hawa biyar, ina gyaran murya don matan gida su kauce. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi, tun hantsi riga ta manne a baya. Mu shida muke kwana a wani ɗakin langa-langa a Kurayyat, kuma cikin mu shidan ba wanda ban gundura da zancen Dattijo ba. Duk baƙin mutumin da na ji yana Hausa, a tashar jirgin ruwa ne ko a bakin masallaci, sai na tare shi da tambaya.

A haka na faɗa hannun wani mai zaƙin baki da ake kira Ɗan'azumi. Ya buga ƙirji ya ce ya san Dattijo kamar yunwar cikinsa, sai dai mutumin ya koma nesa kaɗan, gobe zai kai ni. Goben nan ta yi wata biyu, kuma kullum daidai lokacin da na buɗe kwanon abincin rana take isowa. Ranar da na tsare shi da gaske, sai ya ja ni har wani lungu ya nuna mini wani tsoho Bazabarme, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, ya ce ga Dattijo nan. Ban iya ko faɗa ba. Na gaida tsohon, na juyo, ina ji Ɗan'azumi na cewa ai shi bai yi ƙarya ba.

Baba Tanimu mai tsire ne ya farkar da ni. Shekararsa arba'in a Jidda, ya san kowa. Ya saurare ni yana juya nama, ya ce, "Yaro, Dattijo ai ba sunan yanka ba ne. A ƙasar nan wa zai rubuta maka Dattijo a iƙama, takardar izinin zama? Faɗa mini sunansa na littafi."

A nan na gane ban san shi ba. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara biyar, bayan nan muka tashi daga wancan ƙauye muka koma wani, cikin maƙwabtanmu ba wanda ya ci naman sunan. Kakan kuwa Malam kawai na ji ana ce masa. Na biya wani malami ya rubuta wasiƙa gida. Amsa ta zo bayan wata uku: Inna lafiya, idonta ya ƙara dushewa, tana gaisuwa. Batun suna kuma, mai rubutun ya ce da ya karanta mata wurin sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Ƙaramar salla ta same ni cikin wannan hali. Ban taɓa jin kewar gida kamar ran nan ba. Na yi wanka, na sa rigata mai dama-dama, sai na tuna yadda Inna ke tashin mu da asuba tana cewa, "Ku tashi, za ku makara sallar fili." Duk duniya na cewa an tafi Idi, an sauko daga Idi, ita kaɗai ke cewa sallar fili, har 'yan unguwa na kwaikwayonta muna dariya. Na zauna a bakin ɗaki na yi kuka, abokan kwanana suka yi kamar ba su gani ba.

Labari ya zo daga inda ban zata ba. Akwai wani direban babbar mota, Bakur, haifaffen Jidda, jikan Katsinawa, yana jin Hausa fiye da yadda yake yin ta. Rannan a wurin Baba Tanimu ya ga hular a hannuna ina kakkaɓe mata ƙura, ya ce, "Wannan ta wa ce, ya akhuya, ɗan'uwa? Tukunya ce?"

Na ba shi labari. Ya ce, "Wallahi shekarun baya, a Taima, sayyara, motata, ta mutu mini kusa da rijiya. Ina zaginta da Hausa, sai wani mutum ya fito daga cikin dabino yana dariya, ya ce in bar uwar mota ta huta. Kansa kabir, haka." Ya buɗe hannuwa. "Ya ba ni ruwa, ya tura mini. Ban tambayi ismu, sunansa, ba."

Na ce ina ne Taima. Ya ce arewa, gaba da Madina sosai, can saman tudu cikin hamada. Ya ce jibi yana da lodin siminti zuwa Madina. "Iƙamarka ta Jidda ce, in askar masu duba takardu suka tsayar da mu, ka ce kai ke taya ni sauke kaya. Halas? Yalla."

Kafilina, wani mai kantin shinkafa da ya tsaya mini a kan takardar zama, ya ce in na wuce kwana ashirin kada in dawo masa. Na ɗaure hular a cikin tsumma, na cusa a ƙirji, na hau kan siminti.

Mun bi bakin teku zuwa Rabigh, iska mai gishiri na dukan fuska, daga nan muka karkata Badar muka shiga duwatsu. Kafin Madina na zama fari fat, gashin ido ma siminti ne. Sau biyu aka tsayar da mu, sau biyu na faɗi abin da aka koya mini, askar ɗin suka dube ni suka ga ba mai yin wannan kama don sha'awa. A Madina na yi wanka, na yi ziyara, na roƙi Allah abu ɗaya tak. Bakur ya haɗa ni da wani direba mai zuwa Tabuka, ya ce ya sauke ni a Taima. Da za mu rabu ya cusa mini burodi a aljihu, ya ce in na ga mutumin in ce masa mai zagin mota na gaisuwa.

Na hau motar wannan direba na biyu, muka tashi. Muka ratsa ƙasar Haibar, baƙaƙen duwatsu iya ganin ido kamar an zubar da gawayi. Hanya na ta hawa, sanyi na ta ƙaruwa. Kashegari da hantsi ya tsaya a wata rumfar mai shayi, ya nuna wani tudu ya ce gari na bayansa, shi nan zai ratse. Na sauka ina ta godiya. Sai da ƙurarsa ta ɓace mai shayin ya ce mini daga nan zuwa Taima, mai raƙumi ma yini guda yake yi. Ashe wasu fasinjoji ya samu masu biya fiye da ni.

Kwana biyu na yi a rumfar nan ina jiran mota. Ni da na fito daga gumin Jidda da riga ɗaya, sanyin tudun nan ya shiga ƙashina, haƙorana na haɗuwa ko da rana tsaka in iska ta taso. Wani makiyayi ya zo sayen sukari, ya dube ni, bai tambaye ni daga ina ba balle sunana. Ya tuɓe rigar fatar tunkiya da ke jikinsa ya yafa mini, ya tatso mini nonon raƙuma a kwano, ya kora dabbobinsa ya tafi. Na bi shi da rigar, ya ɗaga hannu ko waiwaye bai yi ba. Har yau ina sa shi a addu'a, shi ma ban san sunansa ba.

Motar 'yan rijiya ce ta ƙarasa da ni. Muka gangaro daga wani tudu da la'asar, sai ga kore shar a tsakiyar jan yashi, dabino kan dabino, gidajen ƙasa sun lafe a gindinsu.

Abin da ya fara kama ni a Taima shiru ne. Bayan hayaniyar Jidda, nan kana jin takun ƙafarka, kana jin kurciya daga unguwa uku. Gidajen na jar ƙasa ne irin namu, da indararo na itacen dabino, lungunan a rufe ta sama, mutum ya shiga inuwa ya fita rana ya sake shiga inuwa. Da yawa an garƙame su da kwaɗo, samari sun tafi birane neman aiki. A bayan gari ga ragowar tsohuwar ganuwa, yashi ya cinye rabinta, nan da can akwai duwatsu masu rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Wani ya yayyafa ruwa a ƙofar gidansa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, na tsaya cak. Shekara guda rabona da wannan ƙamshi. A daidai nan na ji muryar mace daga cikin wani lungu tana kira, "Inna! Ya Inna!" Na ce a raina kewa ta fara taɓa mini kunne, na wuce.

A masallaci aka ba ni wurin kwana, aka kawo mini dabino da gahawa. Da safe na fara tambaya. Larabcina na Sudan ne amma ana ji. To, ga wautar da na yi: tunda Dattijo ba Larabci ba ne, sai na fassara. Na ce ina neman wani baƙo, mutumin ƙasarmu, ana ce masa Shayib, wato tsoho.

Mutanen kirki ne, suka ɗauki abin da gaske. Kwana uku ana kai ni gidan tsofaffi. Na gaida mai shekara tamanin, na gaida makaho, na gaida wani da ya rantse ya ga jirgin ƙasan Turkawa da idonsa. Baƙaƙen fata da yawa a garin, masu aikin gonakin dabino tun kaka da kakanni, duk wanda ke da furfura a cikinsu sai da na sha gahawarsa. Cikina ya cika da gahawa, zuciyata ta yi baƙi. Kwanakin da kafili ya ba ni suna ta ƙarewa.

Mai yi mini jagora wani gurgu ne mai sanda, Abu Saleh, wanda ya yi rayuwarsa a bakin babbar rijiyar garin. Rana ta huɗu ya ce tsofaffi sun ƙare, amma bai kamata baƙo ya tafi bai ga gari ba. Ya kai ni rijiyar. Ban taɓa ganin irinta ba, faɗinta ya kai tsakar gidan mai hali, an gine ta da dutse, a kewaye ga itatuwan jan guga birjik. Ya ce a da raƙuma ke ja ta kowace kusurwa, ƙarar igiya ba ta yankewa daga asuba har magariba. Yanzu inji ɗaya ke tari a gefe, itatuwan na tsaye ba aiki.

Daga nan muka fita gefen gari. Ya nuna wani fili da aka kewaye da guntun bango, an share shi tas, ya ce, "Nan muke sallar Id."

Na yi murmushi, na ce a raina, da Inna ce sai ta ce sallar fili. Na yi taku biyu, sai ƙafata ta ƙi gaba. Me zai hana mace faɗin kalmar da kowa ke faɗa, shekara da shekaru, ana mata dariya ba ta fasa ba? Inna ba ta da tsamin baki. Abu ɗaya na san ba ta faɗa a duniya. Idi. A wurinmu ai haka ake kiran Idrisu.

Na ce, "Baba, akwai wanda ake ce wa Idris a garin nan?"

Ya juyo a kan sandarsa. "Idris na rijiya? Mai babban kai? Allah ya jiƙansa, shekara uku ke nan." Ya ga yadda fuskata ta yi, ya kama hannuna. "Ya waladi, ɗana, ai cewa ka yi tsoho kake nema, kuma baƙo. Idris bai tsufa ba. Kuma namu ne."

Na zauna a kan bangon nan. Ban yi kuka nan take ba, haushi ne ya fara zuwa. Haushin kaina, da na ɗauko sunan tun daga gida a cikin kunnena ina yawo da shi ban sani ba. Da haushinsa, da ya zauna shekara ashirin a gindin dabino, tsohuwa na can tana ɗinka masa hula.

Abu Saleh ya ba ni labari muna tafiya a hankali. Ya ce bayan hajji guzuri ya yanke wa Idris, ya biyo ayari arewa yana neman aiki, ciwo ya kayar da shi a nan, aka yi jinyarsa. Da ya warke ya ce sai ya rama alheri, ya shiga rijiya yasa, ba mai nutso kamarsa. Ya yi aure, ya dasa dabino. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi cikin sanyi irin wannan. Muka je maƙabarta, ba rubutu ba alama, dutse ne a kai dutse a ƙafa. Abu Saleh ya tsaya tsakanin kabari biyu yana kokwanto. Na yi wa duka biyun addu'a.

Ya kai ni wani lungu, na gane shi, shi ne na ranar da na iso. Ya ƙwanƙwasa, ya ce ga ƙanin Idris daga Sudan. Matarsa ta yi magana daga bayan ƙofa, ta yi mini maraba. Na yi mata ta'aziyya. Na tambaye ta abin da ke cina: bai taɓa zancen gida ba?

Ta ce, "Kowace shekara in an sare dabino sai ya ce baɗi. Yana cewa ba zai shiga wurin mahaifiyarsa hannu biyu ba bayan wannan daɗewa. Baɗi, baɗi." Sai ta ɗaga murya, "Inna! Zo ki gaida amminki, ƙanin babanki."

Yarinya ta fito, 'yar shekara goma, doguwa, ga goshi, ga kai. Ba sai an gaya mini 'yar wa ce ba. Ta dube ni ta ce, "Sannu." Da wannan da "zo ki ci", su ke nan Hausarta.

Na ce wa uwar, me ya sa ake ce mata Inna. Ta ce ai ba sunanta ba ne, shi ya raɗa mata suna da kansa a kunnen liman, amma tun daga ran nan bai taɓa faɗinsa ba ko sau ɗaya, sai Inna, har gari ya ɗauka. Ta ce sun daɗe suna mamakin wannan hali nasa. Sa'an nan ta faɗi sunan yarinyar na yanka. Ba zan rubuta shi a nan ba, don sunan mahaifiyata ne.

A nan kukan ya zo. Na kwance tsumman, na miƙa wa yarinyar hular, na ce kakarta ce ta ɗinka wa babanta. Ta juya ta, ta shinshina, ta kifa a kai, ta faɗo mata har hanci. Uwar da ke leƙe ta tsagar ƙofa ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta turo ƙofar ta rufe. Da zan tafi aka aiko mini da ƙunshin dabino daga itacen da ya dasa da hannunsa.

Na koma Jidda ranar kwana na goma sha tara. Ban rubuta wasiƙa ba, wannan ba maganar da wani zai karanta mata ba ce. Na ci gaba da hawa benaye da garwa har na haɗa na jirgi, na isa gida cikin goman ƙarshe na azumi.

Na same ta a kan tabarma, ido ya kusa tafiya gaba ɗaya. Na gaya mata komai, tun daga Ɗan'azumi har kabari biyu. Ba ta katse ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Da na gama ta ce, "Hular fa?" Na ce tana wurin takwararta. Ta ce, "Ta yi mata?" Na ce da saura, amma kan na nan tafe. Ta gyaɗa kai. Na zuba mata dabinon a hannu, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure a bakin zane.

Ranar salla da sassafe ina ɗaura rawani, matan gida na ta kai da kawo, ta fito bakin ƙofar ɗakinta tana lalube, dabino ɗaya a hannunta. Ta ce, "Hamisu, ka hanzarta."

Na ce, "Na kusa, Inna."

Ta ce, "Kada ka rasa Idi."

Matan gida suka tsaya cak, ba wanda ya taɓa jin kalmar nan a bakinta. Ita kuwa ta juya a hankali, ta koma ɗaki, ta saki labule.